Daga Da'irar Sakkwato zuwa Wayar Hannu: Tarihin Lambobin Taswira a Ƙasar Adar

A yau, ɗan ci-ranin da ya baro Takanamat ya sauka Abijan ko Legas ba ya buƙatar dogon kwatance idan yana son nuna wa wani inda gonar gidansu take. Ƙaninsa zai tsaya a bakin gonar, ya latsa waya, ya tura masa ɗan gajeren mahaɗi. Ana taɓa shi taswira za ta buɗe, ga ɗigo a kan wurin. Abin da ke cikin mahaɗin bai wuce lambobi biyu ba. Ta farko tana faɗin nisan wuri daga layin da ya raba duniya kudu da arewa. Ta biyu tana faɗin nisansa gabas ko yamma da wani layi da ya ratsa unguwar Girinic ta birnin Landan. Birnin Tawa yana kan 14.89 da 5.26. Takanamat, da ke arewa maso yamma da shi, ta ɗan haura 15 a lamba ta farko, ba ta kai 5 ba a ta biyu.

Waɗannan lambobi sun riga wayar salula shiga ƙasar Adar da kusan shekara ɗari, kuma ba don taimakon matafiyi suka fara zuwa ba. Sun zo ne a hannun mutanen da ke rabon ƙasar da ba su taɓa takawa ba, sai da ƙishirwa ta koya musu cewa sanin lambar wuri daban, sanin wurin daban.

Kafin zuwan lamba

Adar ƙasa ce ta tsaunuka da kwaruruka, Gobir da Ƙonni na kudu da ita, makiyayar Azawak na arewa. Azna ne tsofaffin mazaunanta. Ta zauna ƙarƙashin ikon Kabi har shekarar 1674, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ta da yaƙi, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta fito, wadda daga baya ta zauna a Illela. Tawa kuwa ta taso ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakuwa, waɗanda har yau unguwanni ne a cikin birnin.

A wancan zamani ba da layi ake sanin iyakar mulki ba. Sarki yana sanin ƙasarsa ta garuruwan da ke kai masa gaisuwa da haraji, Buzaye da Fulani kuma suna sanin tasu ta rijiyoyi da tafkuna da wuraren da ciyawa ke fara fitowa. Madugun ayari ba ya lissafin tazara da mil. Zango yake ƙirgawa, kwana nawa ne daga wannan rijiya zuwa waccan, wacce ce ruwanta ke da zartsi, wacce ce ke ƙafewa kafin bazara. Da rana yana bin dutse da gawo da launin ƙasa, da dare ya bi taurari. Wannan ilmi yana tafiya ne a ƙirjin mutum, ana gadonsa, ana kuma biyan mai shi.

Masana da taurari

Tunanin ba kowane wuri lamba biyu tsoho ne ƙwarai. A ƙarni na 2, Batlamus na Iskandariya ya jera wurare kusan 8,000, kowanne da lambobinsa. Musulmi suka gaji aikin suka gyara shi. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana sahara su auna tsawon digiri ɗaya, kuma a daidai wannan zamani Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na siffar ƙasa, mai ɗauke da lambobin wurare fiye da 2,000. Al-Biruni ya zo a 1025 da littafi sukutum kan tantance matsayin garuruwa. Babban abin da ya zaburar da su shi ne alƙibla: in ka san lambobin garinka da na Makka, lissafi zai nuna maka inda za ka fuskanta. Da wannan lissafin ne ake gane cewa alƙiblar Tawa ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da digiri 16 da 'yan kai.

Ilmin taurari bai tsaya a Bagadaza ba. Da Bature Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 ya baje kayan awonsa a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Bello ya ba shi taswirar ƙasashen nan da magudanar kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826. Taswira ce ta hanyoyi da garuruwa da koguna, ta mai mulkin da ya san wa ke zaune a ina.

Lamba ta farko ba ta da wuyar samu. Mai kayan awo ya dubi tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa: tsayinsa daga gefen sama shi ne lambar. A Tawa tsayinsa kusan digiri 15 ne. Ta biyun ce ta wahalar da duniya, domin ita lissafin lokaci ce. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu, shi ya sa rana ke take tsaka a Tawa minti 21 kafin ta yi haka a Girinic. Sai mutum ya ɗauko agogon da ke riƙe da lokacin can, ya gwada shi da ranar nan. Agogon ya yi kuskuren minti ɗaya, gari ya gusa kilomita 27 a kan takarda.

Akwai kuma gardamar inda za a fara ƙirge. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, aka zaɓi layin Girinic. Faransa ta ƙi kaɗa ƙuri'a, ta ci gaba da ƙirgawa daga Faris har shekaru kusan talatin. Tsakanin layukan biyu akwai digiri 2 da minti 20 (a nan minti ba na lokaci ba ne, minti 60 ne digiri ɗaya). Saboda haka Tawar da ke kan digiri 5 da minti 16 a taswirar Ingila, a tsohuwar taswirar Faransa tana kan digiri 2 da minti 56. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin waccan ya ɓace da kilomita 250.

Da'irar Sakkwato

Ranar 5 ga Agusta, 1890, Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Barwa, a bakin tafkin Cadi. Layin ya bar gardama fiye da wadda ya kashe, sai aka koma teburi. Ranar 14 ga Yuni, 1898, a birnin Faris, aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya, kuma ita ce ta shafi Adar kai tsaye. Aka ce iyaka za ta biyo Dallol Mawri har ta haɗu da wata da'ira da aka zana daga tsakiyar birnin Sakkwato, mai tazarar mil 100, wato kilomita 161. Za ta bi gefen da'irar ta arewa har ta yanki layin kwance na 14 a karo na biyu, ta bi shi gabas mil 70, ta gangara kudu zuwa digiri 13 da minti 20, ta sake miƙewa gabas mil 250, sannan ta hau ta koma layi na 14.

A ranar da aka yi wannan zane, Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ke kan gado, kuma ba wanda ya shawarce shi. Ingila ba ta da soja ko ɗaya a Sakkwato. Sai ranar 15 ga Maris, 1903 ta ci birnin. An kafa tsinin abin zane a kan garin da ba a mallaka ba, aka juya shi a kan ƙasar da ba a gani ba.

Sakkwato tana kan digiri 13 da minti 4. In aka ƙara mata mil 100, ƙololuwar da'irar tana faɗawa wajen digiri 14 da rabi, daf da Illela, kilomita kusan 40 kudu da Tawa. Ke nan an yanka Adar biyu. Ƙonni da kudancin Adar, inda kwari da ruwa da gero suke, sun faɗa rabon Ingila. Tawa da ƙasar da ke arewa da ita har yankin Takanamat sun faɗa rabon Faransa. A kan takarda Faransa ta sami hanya daga Kwara zuwa Damagaram da Cadi. A ƙasa kuwa, hanyar ta bi ta inda rijiyoyi ke da nisa da juna, masu zurfi, waɗansu ma ba sa kai rani.

Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ce ta fara cin karo da haka a farkon 1899. Da ta ga ba za ta iya zagaye da'irar ba, sai ta kutsa cikinta. Ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu, kafin sojojinta su kashe jagororin biyu a watan Yuli a kusa da Tasawa. Rashin ruwa ne ya karkato da hanyarsu, amma ta'asar da suka yi zaɓinsu ce.

A 1900 Faransa ta kafa yankin mulkin soja na uku, aka ba Laftanar Kanar Péroz aikin haɗa Kwara da Damagaram ba tare da taka ƙasar Ingila ba. Dole hanya ta bi ta Filinge, ta hau Tawa, sannan ta karkata gabas. Wannan ne ya sa aka kafa bariki a Tawa, kuma daga barikin nan garin ya fara zama cibiyar mulki, matsayin da ya kai shi ga zama babban birnin jiha a yau. Wahalar hanyar kuwa talakawan Adar ne suka ɗauke ta: su ne 'yan dako, su ne masu haƙar rijiya, raƙumansu da jakunansu ne ke jigilar ruwa da hatsin soja.

Turaku 148

Ba a daɗe ba Faransa ta fara neman a sake zama. Wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Moll da Laftanar Kanar Elliot ta auna yankin a 1903 da 1904. Ranar 8 ga Afrilu, 1904, ƙasashen biyu suka yi babban sulhu kan rigingimunsu na duniya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can wajen Kanada, aka biya ta da tsibiran Los na gaɓar Gini, da wani yanki a Gambiya, da kuma turo wannan iyaka kudu domin ta sami hanya mai ruwa. Cikin dalilan da suka sa Birnin Ƙonni take Nijar a yau har da kifin wata teku da Baƙonne bai taɓa jin sunanta ba.

Yarjejeniyar 29 ga Mayu, 1906 ta bar zancen da'ira, ta koma ambaton ƙauyuka da hanyoyi. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi iyakar da ƙafa, daga Kwara zuwa Cadi, tafiyar kilomita kusan 1,500. Da dare su auna taurari su gwada agoguna, da rana su tambayi masu gari wace gona ce ta wa, wane ƙauye ke bin wane sarki. Suka kafa turaku 148, aka sa hannu kan aikin a Landan ranar 19 ga Fabrairu, 1910. Iyakar Nijar da Najeriya ke nan har yau. Ita ma ta raba dangi, ta raba Gobir da Katsina gida biyu, amma ta mayar da Adar wuri guda. Abin lura shi ne, lambobi ba su zauna ba sai da aka haɗa su da bakin mutanen wurin.

Layin noma

Bayan yaƙin duniya na biyu, hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan ƙasar daga jirgin sama, ta fitar da taswirori masu ma'aunin 1 cikin 200,000, kowace takarda tana ɗaukar digiri ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance. Su ne suka zama abin aikin injiniyoyi da masu haƙar rijiyar burtsatse shekaru da yawa bayan samun 'yancin kai a 1960.

Sabuwar gwamnatin Nijar ma ta ja nata layin. Dokar 26 ga Mayu, 1961 ta ƙayyade iyakar noma ta arewa, kuma a wannan yanki iyakar ba ta yi nisa da layi na 15 ba. Arewa da ita ƙasar kiwo ce: ba a yarda a buɗe sababbin gonaki ba, in ban da ɗan abin da makiyayi zai shuka don cikinsa, kuma in dabba ta yi ɓarna a can babu biyan diyya. Takanamat tana cikin ƙasashen da ke bakin wannan gaɓa, inda Hausawa manoma da Buzaye da Fulani suke shan rijiya ɗaya. Amma damina ba ta bin layi, yawan jama'a ma haka. Gonaki suka yi ta hawa arewa, fari na 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobi, makiyaya da yawa suka kama fartanya. Layin yana nan a doka, a ƙasa kuwa ba wanda zai iya ɗora ƙafa ya ce ga shi.

Wannan na cikin abubuwan da suka haifi dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris, 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye, da dokar kiwo ta 2010. A aikin shata burtali da makiyaya da mashaya ne mutanen karkara da yawa suka fara ganin ma'aikaci riƙe da 'yar na'ura yana karanto lambobi. Kafin ya rubuta ko ɗaya, sai maigari da ardo da dattawa sun yarda cewa nan ne burtalin ya bi.

Taurarin ɗan Adam

Wannan na'ura ta fito ne daga aikin sojan Amurka. An fara shirin GPS a 1973, aka harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu shawagi a nisan kilomita 20,200. Lissafin bai sauya daga na da ba, har yanzu lokaci ne. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana aiko da saƙo. Na'ura ta ji huɗu daga cikinsu, ta auna jinkirin kowane saƙo, ta fitar da matsayinta. Da farko da gangan aka dagula saƙon da farar hula ke samu, kuskure yana kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina, kuskuren ya sauko zuwa 'yan mitoci.

Sai taswirar kanta ta hau intanet. OpenStreetMap, wadda kowa ke iya ƙara wa bayani, ta fara a 2004. Google Maps ta fito a watan Fabrairu na 2005. A 2010 aka amince da wata gajeriyar hanyar rubuta wuri, irin geo:14.89,5.26, wadda waya za ta gane ta buɗe taswira. A Nijar kuma, bayan ƙidayar 2012, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage a 2014.

Abin da ke cikin mahaɗi

Ƙa'idar ba ta da yawa. A adireshin Google Maps, bayan alamar tambaya ana rubuta q=14.89,5.26. Lambar kudu da arewa ce ke fara zuwa, waƙafi ya raba su, sannan ta gabas da yamma. Digiri ɗaya na farkon kilomita 111 ne. Na biyun, a ƙasar Tawa, kusan 107. Lamba biyu bayan ɗigo suna kai mutum cikin gari, uku su kai shi unguwa, biyar su tsayar da shi a bakin rijiya, domin tazararsu mita ɗaya ce da ɗan kai. Samun lambobin ba ya buƙatar layin waya, tunda daga sama saƙon ke zuwa. Aika su da buɗe taswirar ne ke cin kuɗin intanet.

Kurakuran ma sanannu ne. In aka juya lambobin Tawa, 5.26 ta riga, ɗigon zai faɗa yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kusa da iyakar Kamaru. In alamar ɗebewa ta shiga gaban ta biyu, sai ƙasar Mali, yamma da Mobti. Wanda ya yi makarantar Faransanci ya saba rubuta 14,89 da waƙafi, alhali mahaɗi ɗigo yake nema, domin waƙafi aikinsa raba lambobin biyu. Mafi ɓoyuwa shi ne na tsofaffin takardu, masu rubuta digiri da minti. Minti 60 ne digiri ɗaya, don haka digiri 14 da minti 53 daidai yake da 14.88, ba 14.53 ba. Wanda ya kwafe shi yadda ya gan shi zai sauka kilomita 39 kudu da Tawa.

Ko lambobin sun yi daidai, wuri kawai suke nunawa. Ba sa faɗin ko kwari ya kawo ruwa ya yanke hanya, ko yashi zai riƙe mota, ko rijiyar na da ruwa a watan Afrilu, ko hanyar lafiya take. Tun harin da aka kai ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris, 2021, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137, mutanen arewacin Tawa sun san cewa faɗin inda mutum yake ba abin da ake yi da kowa ba ne. Direban da aka tura wa mahaɗi har gobe yana tsayawa a tasha ya tambayi 'yan gari, don matambayi ba ya ɓata.

Bambancin yau da 1898 shi ne hannun da ke riƙe da abin awon. Malamin asibitin ƙauye zai iya tura matsayinsa ga motar ɗaukar marasa lafiya, manomi ya riƙe lambobin kusurwoyin gonarsa tare da takardar kwamitin filaye, makiyayi ya nuna wa hukuma daidai inda aka toshe burtali. Sai dai taswirar intanet tana sanin abin da aka shigar mata ne kawai. Titunan Yamai sun fi cika a cikinta nesa ba kusa ba, ƙauyuka da rugage da rijiyoyi da yawa na arewacin Adar kuwa babu suna a kansu, waɗansu kuma suna ɗauke da rubutun da kunnen Bafaranshe ya jiyo. Ƙofar gyara a buɗe take. Ɗalibin jami'ar Tawa ko sakataren ƙaramar hukumar Takanamat zai iya zama da dattawa da masu kiwo, ya ɗauki lambar kowace rijiya da mashaya da burtali, ya rubuta sunanta yadda masu ita ke faɗa da Hausa ko Buzanci ko Fulatanci, a kuma yanke shawara tare kan abin da za a sa wa duniya ta gani da abin da zai tsaya a kundin gari. Dattawan da suka riƙe waɗannan sunaye suna raguwa kowace shekara, don haka aikin na wannan zamani ne.